Ƙafar Aro

Yayana bai taɓa kashe ko zomo ba a rayuwarsa, amma babu mafaraucin da bai san ƙofar shagonsa ba. Ba sa kiransa da sunansa. Arba'in-da-uku suke ce masa, lambar ƙafarsa ke nan, kuma yana amsawa da fara'a. Ni ce autar gidanmu. Da mijina ya rasu na dawo wurinsa da keken ɗinkina, ya ba ni kusurwar da ke jikin taga. Shekara goma sha ɗaya na yi a kusurwar nan ina ɗinke bakin takalma da hannun jakunkuna, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Shagon ɗan ƙarami ne, a ƙarƙashin wani bene mai hawa uku. Benci ɗaya, teburi ɗaya, sai ƙafafun katako guda shida da ke rataye a bango, ƙura ta rufe su. Na mahaifinmu ne. Yaya ya bar su a wurin don girmama tsoho kawai, ba don yana amfani da su ba.

Sabon takalmin farauta mugun abu ne. Fatarsa kauri gare ta, wuyansa ya haura idon sawu, tafinsa ba ya lanƙwasa. A kanti mutum zai zura ƙafa, ya yi taku uku a kan siminti mai santsi, ya ce ya yi masa daidai. Sai ya yi awa biyu a daji sannan takalmin ya fito da halinsa: ya ci dunduniya, ya danne ƙaramin yatsa, bororo ya tashi ya fashe, mutum ya dawo gida yana zagin wanda ya sayar masa. Sauran masu gyara, in an kai musu, ƙafar katako suke cusawa su bar shi kwana biyu. Takalmi ya buɗe ta ko'ina, ya zama sako-sako, a gangara ƙafa ta riƙa zamewa gaba har farce ya yi baƙi ya fita. Yaya ya raina wannan aikin ƙwarai.

"Katako ba ya cewa wayyo," in ji shi. "To ta yaya zai san inda ke ciwo?"

Ga yadda shi yake yi. Zai zaunar da mai takalmi a benci, ya sa shi ya cire safa, ya ɗora ƙafar a cinyarsa ya yi ta lalube da yatsu. Inda ƙashi ya turo, inda yatsa ya hau kan ɗan'uwansa, inda tafin ya kwanta. Sai ya ɗauko auduga da filasta ya gina irin tudun nan a kan tasa ƙafar, daidai wurin. In ƙafar mutum ta fi tasa girma, ya ƙara safa biyu ko uku. In ta fi tasa ƙanƙanta sosai, ya ba shi haƙuri, ya ce a gwada wani wurin. Daga nan ya zura takalmin, ya ɗaure igiya har wuya, ya fita. Hanyarsa ɗaya ce kullum: ya hau matakalar benen har sama ya sauko, ya bi kwalta zuwa gada, ya gangara ta kan tsakuwar gefen gadar, ya dawo. Minti arba'in ne. Yana shigowa zai cire, ya ɗauki alli ya zana da'ira a bayan fatar, nan da nan. Wurin kaɗai zai jiƙa, ya shafa masa mai, ya daddoke shi daga ciki da wani ƙarfe mai dunƙulallen kai. Sauran takalmin ba ya taɓa shi.

Mutane sun ɗauka asiri ne. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to shi ɗakin yake shiga ya zauna. Abin da ke ɓata masa rai ɗaya ne, mutum ya kawo sabon takalmi yau ya ce gobe da sassafe zai shiga daji. Irin waɗannan sai sun sha faɗa, har da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, sannan ya karɓa ya yi musu.

Ni ban taɓa son sana'ar nan ba, kuma ban ɓoye ba. Ƙafafunsa duk kanta ce da tabo, kowane tabo da sunan mai shi. Na sha ce masa, "Yaya, ƙafarka ba ta haya ba ce."

"Ta aro ce, Auta. Suna mayarwa."

A cikin masu zuwa akwai wani dattijo da ake kira Mai Karnuka, don ba ya tafiya ko'ina sai da karnukansa uku, su kwanta a bakin ƙofa su hana mata shigowa wurina. Ya fi shekara ashirin yana kawo wa Yaya takalma. Wata rana ya zo da wani sabo ruwan ƙasa, mai nauyi, ɗansa ne ya aiko masa daga inda yake aiki. Ya ce na hagun yana cinsa ta waje, kusa da ƙaramin yatsa. Yaya ya laluba ƙafar, ya gina tudunsa, ya fita, ya dawo. Ya tsaya da alli a hannu yana jujjuya takalmin, ya daɗe.

"Babu komai a takalmin nan," ya ce. "Ƙafarka ce ta sangarce."

Ya shafa masa mai ya mayar.

Bayan kwana huɗu Mai Karnuka ya dawo da silifa, yana ɗingishi, takalman a rataye a wuyansa. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya ɗora ƙafarsa a benci. Gefen ya saɓule, jajir. Akwai mutum biyu a shagon suna jira.

"Arba'in-da-uku, ko dai tsufa ne ya ƙwanƙwasa ƙofa?"

Da wasa ya faɗa, mutanen suka yi dariya. Yaya bai yi ba. Ya karɓi takalman ya ce a dawo jibi.

Washegari tun da safe ya saka su. Ya bi hanyarsa sau uku, ya dawo ya ci gaba da aiki suna ƙafarsa, ko abincin rana a tsaye ya ci yana taka ƙasa yana saurare. Da yamma ya zauna ya kwance igiya. Na dama ya fita lafiya. Na hagun sai da ya ja, safar ta manne. Ni na riga shi ganin jinin. Gefen ƙafarsa ya tsage, faɗin babban yatsan hannu, jinin ma har ya bushe ya sake zubowa. Ya zura masa ido kamar ƙafar wani ce aka ajiye masa. Sannan ya zura hannu cikin takalmin ya bi inda jinin ya ɓata, ya taɓo wani ƙullin zare da gam ya daskare a kai, a ƙarƙashin shafin ciki.

"Ga shi nan," ya ce. "Ashe dattijon yana da gaskiya."

"Yaya, ba ka ji ba? Tun safe?"

Ya ɗauki alli.

Da rigima na kai shi asibiti. Wata nas, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta wanke ciwon, sannan ta ɗauko wani siririn zare mai tauri irin na kamun kifi. Ta ce ya rufe ido, duk inda ya ji ta taɓa ya ce ya ji. Ya rufe. Ina kallo ta taɓa babban yatsa, ta taɓa tsakiyar tafi, ta taɓa dunduniya, ta koma ɗaya ƙafar. Wuri goma ta taɓa.

"Ki fara mana, 'yata," in ji Yaya, idonsa a rufe.

A nan na gane ƙafafun ba sa jin komai. Aka ɗebi jini aka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa, shi ya kashe jijiyoyin ƙafar a hankali. Yawan shan ruwan da nake masa tsiya a kai, da ramar da muka ɗora wa zafin rana, ashe duk shi ne. Nas ɗin ta jera masa dokoki: kada ya sa takalmi mai matsi, kada ya taka ciwon nan sai ya warke, ya duba ƙafafunsa kullum da ido tunda ba za su ƙara gaya masa komai ba. Ta ce irin wannan ciwon in aka yi wasa da shi, ƙafar ake rasawa. Sannan ta tambaye shi sana'arsa. Da ya gaya mata, ni ta kalla, ba shi ba.

Da muka koma shago ya sauko da ƙafafun katakon mahaifinmu ya goge musu ƙura ɗaya bayan ɗaya. Wata biyu ya yi yana aiki da su da yatsun hannunsa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, zan shaide shi. Amma takalma suka riƙa dawowa, wannan ya buɗe da yawa, wancan yana nan yadda yake. Mutanen ba su yi masa rashin kunya ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Sai su yi godiya, su yi masa ya jiki, su ɗauki kayansu, ba ka ƙara ganinsu. Ya zama yana yini a benci yana kallon matakalar bene. Abinci in na zuba masa sai ya taɓa ya ture. Mutumin da surutunsa ke hana ni jin ƙarar kekena, sai ga shi ana yini ba a ji bakinsa ba. Wata rana da rana tsaka, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Auta, yanzu ni ma katako ne."

Na ci gaba da taka kekena.

Sai kuma aiki ya fara dawowa. Wani ya kawo takalmi aka gyara, ya je ya dawo yana yabo, ya turo abokinsa. Cikin 'yan makonni benci ya cika kamar da. Yaya ya koma cin abinci, ya koma tsokanar masu zuwa a ƙurarren lokaci. Aka yi ta cewa Arba'in-da-uku ya warke.

Ni ba yarinya ba ce. Na lura kullum da hantsi sai ya aike ni kasuwa sayen zare, alhali zaren yana nan fal a aljihun teburi. Kuma ni nake masa wanki. Mutumin da tun tasowarmu baƙar safa yake sawa, sai ga fararen safa dozin guda a cikin kayansa, sirara. Kowacce na ɗaga sai na ga ɗigo, wani ja, wani ruwan ɗorawa, yau a dunduniya, gobe a saman yatsu. Wata rana da ya aike ni, na kai bakin titi na juyo. Na same shi ya dawo daga gada, ya cire takalmin wani, ya shimfiɗa safar a jikin fatar yana auna inda ɗigon ya faɗa, alli a bakinsa.

Ya ga babu wurin ƙarya, sai ya yi mini bayani a natse, kamar yana koya mini ɗinki. Ya ce da minti arba'in yake yi, yanzu awa biyu ne, sai fatar ƙafar ta yi ja ko ta fashe. Ranar takalmin Mai Karnuka ya gano dabarar.

"Ƙafar ba ta ji, Auta, amma tana rubutu. Ni kuma na iya karatu."

Na yi masa tas. Na ce masa mahaukaci, na ce idan kunne ya ji jiki ya tsira, na ce zan kira 'yarsa a waya in gaya mata, zan je in gaya wa nas, zan tsaya a bakin ƙofa in kori duk mai shigowa da takalmi. Ya bar ni har na gaji.

"Kin gama? To gaya mini abin da zan yi. In koma kan bencin nan in jira ranata? Kin gan ni ai wata biyun nan. Wannan kike so a mayar miki?"

Wannan ne wurin da ba na son faɗa. Na yi shiru. Ban kira 'yarsa ba, ban je wurin nas ba. Ina son yayana mai cin abinci, mai tsokana, ba na son wancan na kan benci, kuma na zaɓa. Daga ranar ya daina aikena kasuwa. Ni na riƙa sayo bandeji da ruwan wanke ciwo, ni nake ɗaure masa da safe, ni nake jiƙa fararen safar nan su yi fes don rubutun gobe ya fito sosai. Na gaya wa kaina tunda ina kula da shi abin ba zai yi nisa ba. Wanda ya riƙe wa ɓarawo tsani ai ba zai ce bai shiga gidan ba.

Wata bakwai muka yi a haka. Ƙananan ciwukan suna zuwa suna tafiya. Na farkon nan kuwa, na gefen ƙafar hagu, bai taɓa rufewa ba. Ya zurfafa, bakinsa ya yi fari, daga baya ya fara duhu. Ya fara wari. Na riƙa kunna turare a shago ina cewa warin fata ne ya dame ni.

Kare ne ya tona mu. Mai Karnuka ya biyo gaisuwa, sai tsohuwar karyarsa, wadda ba ta taɓa ƙetare bakin ƙofa ba, ta shigo ta nufi ƙafar Yaya ta hagu tana shinshina tana ƙaramin kuka. Ya kore ta ta dawo. Mai Karnuka ya dubi karyar, ya ja numfashi ta hanci sau ɗaya. Mutumin da ya yi shekara arba'in a daji ba turare ne zai ruɗe shi ba.

"Cire," ya ce.

"Haba, ɗan ƙurji ne."

"Arba'in-da-uku, na ce ka cire."

Ya cire. Dattijon ya duba, ya zauna a benci kamar an ture shi. Ya gane wurin, ai a tasa ƙafar ma nan ne. Ya ce a hankali, "Da ka gaya mini, wallahi da rijiya na jefa takalmin nan." Shi ya ɗauki Yaya a motarsa, karnukan a baya, ni a gefe riƙe da takalmin ƙafa ɗaya.

Likita bai ja magana ba. Ya ce ruɓar ta kai ƙashi, in ba a cire daga ƙasan gwiwa ba za ta haura ta tafi da mutumin gaba ɗaya. Sannan ya juyo wurina ya ce, "Ke kike zaune da shi? Tun yaushe ƙafar nan take haka?"

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni.

"Ba ta sani ba, likita. Ni nake wanke safata."

Da ya zage ni a gaban likitan da na fi jin daɗi. Har yau maganar nan tana nan a ƙirjina, ba ta sauka ba.

Kwana uku bayan aikin na kai masa abincin rana. Na same shi yana gumi, ya damƙe ƙarfen gado, amma idonsa a buɗe tar, irin yadda yake yi in ya dawo daga gada. Ya kama hannuna.

"Auta, ina ji."

"Me kake ji, Yaya?"

"Takalmin Mai Karnuka. Na hagun. Yana ƙafata yanzu haka. Ba ƙullin nan kaɗai ba ne, akwai wani wurin a dunduniya, sama kaɗan ta ciki. Ban gyara ba." Ya nuna ƙasan gado, inda zanen ya kwanta shafal a kan katifa. "Nan. Kina da alli?"

Na kira nas. Ta ce haka ake yi, da yawa suna jin ciwo a ƙafar da aka cire, wani ya daina bayan 'yan watanni, wani ya yi shekaru da shi. Ta ba shi ƙwaya ta tafi. Kusan shekara guda ƙafar nan tana jikinsa ba ta ce masa uffan ba, sai da aka binne ta sannan ta sami baki.

Yau shekara biyu ke nan. Shagon yana nan, ni nake buɗewa, jakunkuna da zif nake gyarawa. Ƙafafun katakon sun koma bango. Yaya yana zuwa da sandunansa ya zauna a benci, ƙafar daman a cikin wani lallausan takalmi da asibiti suka ba shi, ni nake duba ta kowace safiya, kuma yanzu ko ɗigo na gani ba na shiru, ga amfanin da hankalina ya yi mini bayan an gama ɓarna. Mafarauta sukan leƙo su gaishe shi. Wani bakinsa ya kan suɓuce ya ce Arba'in-da-uku, sai ya kama kame-kame. Mai Karnuka bai ƙara sa takalmin nan ba, ya kawo ya ajiye mana, ban san dalili ba, shi ma ina jin bai sani ba. Yana ƙarƙashin teburi. Na taɓa zura hannu a dunduniyar na hagun, sama kaɗan ta ciki, na laluba. Ban ji komai ba, amma ni ai ba ni ce mai sana'ar ba.

Ciwon bai daina ba. Yakan zo masa da hantsi, daidai lokacin da yake fita zuwa gada a da. Sai in ga ya daina magana, ya riƙe bakin benci, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Yakan daure har inda zai iya. In abin ya fi ƙarfinsa sai ya kira ni a hankali, don kada na waje su ji.

"Auta, zo ki sassauta mini igiyar nan. Ta yi matsi."

Nakan tashi daga kan keke in zo in durƙusa a gabansa, don ba zan iya ce masa a'a ba. In kalli ƙafar wandon da na naɗe na ɗinke da hannuna, in kalli siminti a ƙarƙashinta. Har yau ban san inda zan sa hannu ba.